Motar Kara da Sisin Alewa: Ƙuruciyarmu a Gangara

Mai karatu, mu da muka tashi a Gangara ta ƙasar Sabon Birni cikin shekarun 1980, kusan duk kayan wasanmu daga gona suke fitowa. Da kaka ta yi, aka girbe hatsi (haka muke kiran gero a Gobir) da dawa, sai kara ya zama namu. Mu fere ɓawon, mu yanka totuwar, mu harhaɗa mota har da tayoyi da gidan direba. Ƙaya ce ƙusarmu. Gwani a cikinmu shi ne wanda motarsa ta fi kama da manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Isa da Shinkafi. Wanda bai iya ba sai ya hau dokin kara ya ce shi Bawa Jan Gwarzo ne, mu kuma mu bi shi da ihu.

'Yan mata na ɗaura wa 'yar tsana ƙyalle, su yi mata kitso da zare, har a sa ranar biki a kai ta ɗakin miji. Kwalliyarsu kwalli ne da lalle da awarwaro. Da damina kuwa laka ce ke tashe, mu gina shanu masu tozo mu shanya a rana.

Abin tsotso ma daji ke ba da rabinsa kyauta: magarya, aduwa, kanya da goriba, wadda sai mai haƙoran kirki ke iya gwaguya. Sauran sai da kuɗi. An daina amfani da fam a 1973, naira da kwabo suka shigo, amma tsofaffin sunaye ba su tafi ba: kwabo 5 sisi muke ce masa, kwabo 10 sule. Da sisi ka sayi alewa ko kantun riɗi ko ƙuli-ƙuli, har ka sam wa ƙanenka. Hanjin ligidi, a ganina, ba a taɓa yin kamarsa ba, duk da yadda yake manne wa dasashi. Biskit ɗin Nasco na Jos sai baƙo ya zo daga birni. Da yake Nijar na kusa, kuma 'yan'uwanmu ne a Tsibiri da Maraɗi, mun san dalar sefa tun muna ƙanana, mun san soyayyar fara da yaji.

Sisin ne ya fara mutuwa. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta yi ta faɗuwa har mai talla ta daina karɓar kwabbai. Bayan nan motocin roba na Sin suka cika kasuwanni, yara suka fara raina ta kara.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tun 2019 mutanen yankinmu ke tsallakawa Gidan Runji a jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A 2021 jaridu suka ba da labarin cewa 'yan bindigar sun naɗa nasu shugabanni a Gangara da Makwaruwa, suna sa wa manoma haraji. A shekarun nan an bar gonaki da yawa ba noma, karan da za a yi mota da shi ya yi ƙaranci, kuma ba uwar da za ta bar ɗanta ya nutsa daji neman magarya.