Burmi: Filin Yaƙin da Ya Kai Hausawa Bakin Shuɗin Nilu

Wanda ya ga ƙauyukan Hausawa a Jazira da Dindir yakan yi tambaya, me ya kawo mutanen nan ƙasa mai nisa haka? Hanyar hajji ta kawo waɗansu tun dā. Amma wani babban dalili yana can Burmi, a bakin kogin Gongola, a yankin Dutsen Bima.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, sai ya yi hijira zuwa gabas. Jama'a masu yawa suka bi shi, sarakuna da talakawa, mata da yara. A wancan zamani mutane da dama sun gaskata cewa a Dutsen Bima ne Mahadi zai bayyana, shi ya sa hankali ya koma wajen.

A watan Mayu sojojin Turawa suka tasam ma Burmi, aka kore su. Ran 27 ga Yuli suka komo da manyan bindigogi. Aka yini ana yaƙi. Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa. Shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tattara waɗanda suka tsira suka nufi gabas. A 1906 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa, Maiwurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga a Jazira ya jawo ƙarin Hausawa.

Burmi kuwa ta zama kufai. An keɓe wurin domin tunawa, kusa da Bajoga a Jihar Gombe. Kabarin Attahiru yana nan, na Marsh kuma yana nan, ƙasa ɗaya ta rufe su.

Mai karatu, wannan ba labarin dā kaɗai ba ne. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai Dindir da Sinja a 2024, jikokin masu hijira suka sāke ɗaukar kaya a ka. Ana kiyaye filin yaƙi domin na baya su san tsadar jini, su riƙe zaman lafiya da maƙwabci, ko wane addini yake bi.