Sauƙaƙa Lasin Tuƙin Manyan Motoci: Nazari daga Yankin Anka, Gummi da Bukkuyum

Lasin tuƙin babbar mota a Nijeriya yana bi ta hannun hukumomi uku. Jami'in duba ababen hawa na jiha, wato VIO, shi ke gwada mai nema. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓar kuɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1988, take kuma aiki da dokar 2007, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta buga katin. Kafin a kai nan, sai mai nema ya kawo shedar makarantar koyon tuƙi wadda hukumar ta amince da ita. Tirela tana ajin G, kuma sai mai shekara 26 ake ba lasin haya, alhali 18 ta wadatar ga mai motar gida.

A yammacin Zamfara, direban gingimari ko kanta galibi ba a makaranta yake koyon sana'arsa ba. Yana farawa ne a matsayin yaron mota: ya ɗaure kaya, ya sa waigi, ya sauya taya, ya kwana ƙarƙashin mota yana gadinta. Sai an shekara ana tare ubangidansa zai miƙa masa sitiyari, da fari a cikin tasha, daga baya a kan hanyar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, ɗauke da hatsi ko dabbobi. Wannan tarbiyya tana koyar da haƙuri da sanin lafiyar inji, amma ba ta gwada ido, ba ta koyar da alamomin hanya, kuma doka ba ta san da ita ba. Ga shi manyan ofisoshin hukumomin nan suna Gusau, hanyar zuwa kuwa 'yan bindiga sun addabe ta. Wanda ya gaji da kai-komo sai ya miƙa kuɗi ga ɗan tsakani, ya karɓi katin da ba a gwada shi a kansa ba, wani lokaci ma na jabu.

Amurka ta yi muhawara kan sassauta sharuɗɗan tuƙin manyan motoci. A can, wanda bai kai 21 ba ba ya tsallaka iyakar jiha da motar kaya. Kamfanonin sufuri sun nemi a sassauta saboda ƙarancin direbobi, masu fafutukar kare rayuka suka ƙi. Dokar manyan ayyuka ta 2021 ta bi tsakiya, ta buɗe shirin gwaji na wucin gadi da ya bar 'yan shekara 18 zuwa 20 su yi tuƙin a ƙarƙashin kulawar ƙwararren direba a kujerar gefe. Abin lura shi ne, wannan tsari ya yi kama da zaman yaron mota da ubangidansa, sai dai can an rubuta sa'o'in horon an kuma sa ido a kansu.

Saboda haka duk ƙudurin sauƙaƙa lasin da za a kai majalisa a Nijeriya ya kamata ya bambance wahalar neman lasin da gwajin kansa. Wahalar ce ta cancanci ragi: a riƙa kai jami'an gwaji da na'urar ɗaukar hoto hedikwatun ƙananan hukumomi, a kuma karɓi shekarun yaron mota a matsayin horo, in reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ta masu motocin sufuri ta NARTO ya yi musu rajista. Gwajin ido, na birki da na ja da baya da tirela bai kamata a taɓa su ba, domin mota mai nauyin tan 30 tana ratsa tsakiyar kasuwa da bakin makarantar yara.