Yadda Yaƙi Ya Watse Kasuwar Salaga

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu idan aka bi salsala za a tarar kakanninmu sun taɓa zama a Salaga. To, me ya tashe su?

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro. Ayarin fatake kan taso daga Kano, madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna da fatu. Su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su biyo ta Yendi, sai bayan watanni su sauka ƙasar Gwanja. Kada mu ɓoye, har bayi ana sayarwa a kasuwar. Shi kuwa goro daga dajin Asante yake fitowa, kuma sarakunan Kumasi ba sa barin fatake su shiga dajin, sai dai su jira a Salaga. Malamai ma cikin ayarin nan suke zuwa, masu masauki na ɗaukar nauyinsu, shi ya sa garin ya cika da makarantu.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka ga dama ta samu, suka yi wa Asante tawaye. Asante kuwa ta tare hanyar goro, ciniki ya koma Kintampo. Ka ga, bafataken Kano bai harba ko kibiya ɗaya ba, amma ya iso kasuwa ya tarar ba abin saye.

Abin da ya rage, yaƙin basasa na 1892 kan sarautar Kpembe ya ƙarasa shi. Jama'a suka watse zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kintampo, daga baya har Kumasi da Ankara, zangogi suka ƙaru. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi, can ya karantar har ya rasu a 1934. Goro kuma ya sami sabuwar hanya: jirgin ruwa zuwa Ikko, daga 1912 jirgin ƙasa zuwa Kano.

Cinikin goro bai mutu ba, hanya kawai ya sauya. Salaga ce ba ta sake komawa yadda take ba. Don haka idan muka ji an rufe iyaka saboda rikici, mu tuna ba direban babbar mota kaɗai zai ji jiki ba, har mai masauki da malamin da ke cin abinci a gidansa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.