Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa Cabo Verde

Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa Cabo Verde su ne kuɗaɗen da 'yan asalin ƙasar mazauna ƙetare suke turo wa iyalansu a gida. A harshen Fotugis, wanda shi ne harshen hukuma a ƙasar, ana kiran su remessas. Suna cikin manyan hanyoyin da ƙasar ke samun kuɗin waje, tare da yawon buɗe ido da tallafin ƙasashen duniya. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa a shekarun baya-bayan nan sun haura kashi 10 cikin 100 na jimillar arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, abin da ya sa ta cikin ƙasashen Afirka da suka fi dogaro da irin wannan kuɗi.

Cabo Verde tarin tsibirai goma ne a Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal, kuma tara daga cikinsu ne ake zaune a kai. Ƙidayar 2021 ta samu mutane kusan 491,000. Akasarin ƙiyasi na nuna cewa 'yan ƙasar da zuriyarsu da ke waje sun fi na gida yawa.

Tarihin fita ci-rani

Ƙasar ba ta da ruwan sama isasshe, kuma abin da ke nomuwa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na faɗinta ba. Fari da yunwa sun sha afka mata a zamanin mulkin Fotugal. Yunwar 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948 kaɗai an ƙiyasta sun kashe mutane wajen 45,000. Wannan ne tushen fitar mutane.

Hanya ta farko mai muhimmanci ita ce ta Amurka. A ƙarni na 19 jiragen ruwan Amurka masu farautar kifin wel, babbar dabbar tekun da ake nema saboda manta, sukan tsaya a tsibiran Brava da Fogo su ɗauki ma'aikata. Da yawa daga cikin waɗannan matasa sun zauna a New Bedford ta jihar Massachusetts, daga baya suka bazu zuwa Boston da Brockton da jihar Rhode Island. Wasu sun sayi tsofaffin jirage masu filafilai suna jigilar mutane da kaya da wasiƙu tsakanin Amurka da tsibiran. Mafi shahara shi ne Ernestina, wanda gwamnatin Cabo Verde ta ba Amurka kyauta a 1982. Dokokin shige da fice da Amurka ta kafa a 1921 da 1924 sun taƙaita wannan hanya na tsawon shekaru.

Hanya ta biyu ta kudu ce, kuma ba ta kawo arziki ba. Hukumomin mulkin mallaka sun kwashi dubban mutane da sunan kwantiragi zuwa gonakin koko na São Tomé da Príncipe, inda lada ya yi ƙaranci, aikin kuma bai yi nisa da bauta ba. Waƙar Sodade, wadda Cesária Évora ta yi suna da ita, a kan wannan tafiya take magana. Wasu kuma sun tafi Dakar da kansu.

Daga shekarun 1960 aka juya Turai. Maza sun shiga aikin gini a Lisbon, inda suka cike gurbin 'yan Fotugal da suka tafi Faransa. Ma'aikatan jirgin ruwa sun taru a Rotterdam ta ƙasar Holan, mata kuma sun tafi aikatau a gidajen Italiya. Bayan samun 'yancin kai a ranar 5 ga Yuli, 1975, fitar ba ta tsaya ba. A yau Fotugal da Faransa da Amurka ne ƙasashen da mafi yawan kuɗin ke fitowa daga cikinsu.

Yadda ake aikawa

Kuɗi na zuwa ta banki, ta kamfanonin tura kuɗi irin su Western Union da MoneyGram, ko a hannun matafiyi. Wanda aka ɗauko a aljihu ba ya shiga lissafin babban bankin ƙasar, wato Banco de Cabo Verde, don haka alƙaluman hukuma ba su kai ainihin abin da ke shigowa ba.

Akwai kuma aike na kaya. Iyalai a Amurka kan cika duro da tufafi, takalma, shinkafa, man girki, sabulu da kayan makaranta, su aika ta jirgin ruwa. A harshen Kriolu, wanda shi ne harshen uwa na kusan kowa a ƙasar, sunan wannan duro bidon, ƙaramin saƙon da ake ba matafiyi ya kai wa dangi kuma enkomenda. Ana raba wani ɓangare na kayan ga 'yan uwa da maƙwabta, a sayar da wani. A kasuwar Sucupira da ke Praia, babban birnin ƙasar, mata 'yan kasuwa da ake kira rabidantes suna sayar da irin waɗannan kaya, har da gwanjo.

Bankuna da darajar kuɗi

Abin da ya bambanta Cabo Verde da ƙasashe da dama shi ne ajiyar 'yan ci-rani a bankunan gida. Hukuma ta ba su damar buɗe asusu na musamman, wanda aka daɗe ana biyan kuɗin ruwa mai tsoka a kansa fiye da abin da za su samu a Turai. Ajiyar tasu ta kai kimanin kashi ɗaya bisa uku na duk ajiyar da ke bankunan ƙasar, kuma da ita bankuna ke ba da rance.

Dalilin da ya sa mutum zai yarda ya ajiye guminsa a can shi ne tsayuwar darajar kuɗin. A 1998 aka ɗaure eskudo na Cabo Verde da kuɗin Fotugal bisa wata yarjejeniya, da zuwan yuro kuma aka mayar da ɗaurin kansa, a kan eskudo 110.265 kowane yuro ɗaya. Farashin bai canza ba har yanzu. Abin yana tafiya ta fuska biyu: tsayayyen canji yana jawo ajiya, kuɗin wajen da ke shigowa kuma yana taimaka wa babban banki ya riƙe canjin a ƙasar da ke sayo mafi yawan abincinta daga waje. Haɗarin da masana tattalin arziki ke nunawa shi ne, idan kuɗin ruwa ya tashi a Turai ko Amurka, masu ajiya na iya kwashe kuɗinsu.

Tasiri a gida

Yawancin kuɗin yana tafiya ne a kan abinci, kuɗin makaranta, magani da gini. A Fogo da Brava da cikin Santiago ana ganin manyan gidaje a rufe, masu su na zuwa ne kawai lokacin hutu ko bikin waliyyin gari. Wasu na sukar hakan da cewa an binne jari a cikin siminti maimakon sana'ar da za ta ɗauki ma'aikata. Sukar tana da hujja, sai dai a tsibirin da kasuwarsa ba ta wuce mutane dubu kaɗan ba, zaɓin mai son zuba jari ba shi da yawa. A 2020 an kafa dokar da ke ba ɗan ci-rani mai zuba jari rangwamen haraji.

Amfanin kuɗin ya fi fitowa lokacin masifa. Da dutse mai aman wuta na Fogo ya fashe a 2014 ya cinye ƙauyukan Chã das Caldeiras, ƙungiyoyin mazauna waje sun tara gudummawa. A 2020, da annobar korona ta tsayar da yawon buɗe ido, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi 14 cikin 100, amma kuɗin aike ya ƙaru.

Rabon ba daidai yake ba. Gidan da ke da ɗa a Boston ko Rotterdam ya fi wanda danginsa ke São Tomé nesa ba kusa ba. Can ma kuɗin juyawa yake yi, domin gwamnatin Cabo Verde ce ke biyan ɗan fansho ga tsofaffin ma'aikatan gonakin da suka maƙale cikin talauci. Ga kuma matsalar biza. Mai bincike Jørgen Carling ya rubuta a 2002 a kan ɗimbin matasan ƙasar da ke son fita amma dokokin Turai da Amurka suka hana su. Idan sababbin masu fita suka ragu, aike na iya raguwa, domin jikan da aka haifa a waje ba lallai ne ya ji nauyin dangin da bai taɓa gani ba.

Siyasa da baƙi

Mazauna ƙetare suna jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa. Kujeru 6 daga cikin 72 na majalisar dokoki nasu ne: biyu na Afirka, biyu na nahiyar Amurka, biyu na Turai da sauran duniya.

Cabo Verde mamba ce a ƙungiyar ECOWAS, kuma tun daga shekarun 1990 ita ma ta zama wurin ci-rani. 'Yan Guinea-Bissau da Senegal da Najeriya suna aikin gini, gadi da ƙananan kasuwanci a Praia da tsibiran Sal da Boa Vista masu otal-otal, suna aika wani abu daga abin da suka samu zuwa nasu ƙasashen.