Matakai 128 tsakanin hannu da sauti

A watan Janairu na 1983, a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Kaliforniya, aka sada Prophet-600 na kamfanin Sequential da Jupiter-6 na Roland da waya. Aka taɓa wannan, wancan ya amsa. Dave Smith da Ikutaro Kakehashi ne suka jagoranci wannan tsari mai suna MIDI, ba su kuma nemi ko dala daga masu amfani da shi ba.

MIDI umarni yake kaiwa, ba sauti ba. Cikin umarnin akwai na sauya yanayin murya, lamba 7 misali ta ƙarfin sauti ce, kowane yana tafiya daga 0 zuwa 127. Da Steinberg ya shigar da kayan kiɗa cikin kwamfuta da VST 2 a 1999, makaɗi ya wayi gari ba abin murɗawa sai linzami, wanda ba ya kama abu biyu lokaci guda. Tsohon umarnin nan ne ya maido masa da yatsunsa: ya murɗa maɓalli bisa teburi, murya ta buɗe cikin manhaja. Sai dai matakai 128 sun yi kaɗan, kunne mai kaifi kan ji sautin yana hawa daki-daki kamar tsani. Sai a 2020 MIDI 2.0 ya kai su sama da biliyan 4.