Gyambon ciki: Abin da ke haddasa shi, yadda ake gano shi da maganinsa

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, rauni ne da ke fitowa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Mai fama da shi yakan ji raɗaɗi a saman ciki, ko da yunwa ko bayan cin abinci. Sai dai ƙwannafi, ciwon matsarmama, har ma da ciwon zuciya, duk kan zo da irin wannan alama, don haka gwaji kaɗai ke tabbatar da cutar.

Musabbabi

An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa, yaji da damuwa. A 1982, likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka danganta cutar da ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Akan ɗauki ƙwayar tun yarinta, musamman inda ake da cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa. A 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi.

Musabbabi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba.

Gwaji

Ana gano ƙwayar ta gwajin bahaya ko na numfashi. Gwajin jini ba ya bambance tsohon kamu da sabo. Idan akwai alamun haɗari, likita kan zura siririyar kyamara ta baki domin duba tumbi da ɗebo ɗan nama a auna. Alamun sun haɗa da aman jini, baƙin bahaya, rama ba dalili da wahalar haɗiya. Aman jini da baƙin bahaya na buƙatar asibiti nan take.

Magani

Idan an samu ƙwayar, ana haɗa maganin rage sinadarin asid, kamar omeprazole, da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, galibi na kwana 14. Bayan aƙalla mako 4 da kammalawa sai a sake gwaji. Katse magani da zarar an ji sauƙi na sa ƙwayar ta bijire masa. Shan omeprazole kaɗai yana kwantar da zafi, har raunin ya warke, amma ƙwayar na nan, cutar kuma kan dawo.

A Nijeriya, na'urar duba tumbi ta fi samuwa a manyan asibitocin birane, kuma yawancin marasa lafiya daga aljihunsu suke biya, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Wannan na cikin dalilan da ke sa mutane shafe shekaru suna sayen maganin olsa ba tare da an taɓa gwada su ba.