Daga Ɗan Hausa Zuwa Wayar Hannu: Yadda Aka Gina Rubutunmu da Yadda Muke Rusa Shi



A wani lokaci da ake zaman ɗarɗar a kasuwa, an tura saƙo a zaurenmu cewa Sarkin Hausawa ya ce kowa ya fito fada gobe da safe. Fadar sarki ake nufi, domin a zauna a sasanta. Amma da yake mun saba rubuta "fada" ko da faɗa muke nufi, wasu matasa suka ɗauka kiran faɗa ne. Sai da dattawa suka kwana suna buga waya kafin hankali ya kwanta. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin rubutun da muke wasa da shi.

Kafin zuwan Turawa, da ajami kakanninmu ke rubuta Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙin wa'azi da shi, fatake kuma da shi suke aika wasiƙa daga Kano zuwa Gwanja. Boko ya fara ne a hannun 'yan mishan irin su J.F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. A lokacin kowane Bature da yadda yake rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa.

Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Duk da haka an daɗe ana fama da sautukan da babu su a Turanci, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa waƙafi a gefensa. Sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Wannan hukumar ce ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam na edita, ta zama malamar rubutu ga duk mai karanta ta.

Aikin bai tsaya nan ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an zauna a Bamako a 1966, an kuma zauna a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Wato kusan shekara 70 aka kwashe daga ƙa'idojin Ɗan Hausa zuwa taron Yamai, kafin a samu abin da muke kira daidaitacciyar Hausa.

To, ina aka samu matsala? Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 160, kowane saƙo da kuɗinsa, wayoyin kuma ba su da ƙ ko ɗ. Sai aka koma taƙaitawa: "slm", "ngd", "xan xo". Aka haɗe abin da ya kamata a raba, "yace" a madadin "ya ce", "zamu" a madadin "za mu". Aka raba abin da ya kamata a haɗe, "gidan sa" a madadin "gidansa". Baƙi suka zama baki, ƙasa ta zama kasa. Yau WhatsApp ba ya ƙirga harafi, kuma akwai allon rubutun Hausa kyauta a Gboard, amma sabo ya riga ya kama mu.

Mu mazauna kudu abin ya fi shafa. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, kuma akwai gidajen da suka haifi jikoki da tattaɓa kunne a nan. Yaron Kano yana da darasin Hausa a aji da allunan shaguna da zai gani a titi. Namu yaran da Turanci da Yarabanci suke wuni a makaranta, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe littafin Hausa ba. Hausar da suke karantawa ita ce wadda muke rubutawa a waya. In muka rubuta ta a karkace, haka za su gaje ta.

Saboda haka, daga yau duk sanarwar ƙungiya, ta taro ce ko ta rasuwa ko ta ɗaurin aure, za ta bi ta ofishin sakatare a duba ta kafin a fitar. Wanda bai san yadda ake sa allon Hausa a wayarsa ba, ya same mu bayan taron wata, minti biyar ya isa. Muna kuma roƙon duk mai Magana Jari Ce a gida ya ba mu aro domin ajin yara na ranar Asabar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.

Sakataren Ƙungiya